Tukunyar Jegon Amatullah

Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gidan. Musaddiq yana durƙushe gaban murhu yana hura wuta, idanunsa sai ruwa suke yi. Tun da ya dawo daga sallar asuba yake fama da ɗanyen ice, ƙatuwar tukunyar ruwan jego kuwa ko ɗumi ba ta yi ba.

Matarsa Amatullah ta leƙo daga ɗaki, jaririyarsu Rauda a kafaɗa. "Abban Rauda, don Allah ka bari haka nan. Wallahi kunya nake ji."

"Koma ki zauna, malama! Likita cewa ya yi ko buta kada ki ɗaga. Tiyata wasa ce?"

A al'ada, haihuwar fari gida mace take tafiya, uwa ta yi mata wanka, ta dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. To Amatullah marainiya ce. Goggonta ta Zango da ta riƙe ta, ana gobe suna, hawan jini ya kayar da ita, aka wuce da ita asibitin Katsina. Musaddiq ya ɓoye maganar, don ba ya so a ce ya auro wadda ba ta da kowa. Mahaifiyarsa kuma, Inna Kande, ba ya iya tunkarar ta da wannan buƙata. Shi ne ɗanta na fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai "wancan" ko "Maiturare", saboda shagon turarensa na kasuwar Daura. Gidansa ma ba ta takawa. Ranar suna kaya ta aiko, ita ba ta zo ba.

Shi ya sa ya ɗaure ya ɗauki aikin. Shi ne faskare, shi ne dama kunu ya juye a fulas, shi ne wankin zanen goyo.

Yana cikin dama kunun ne wata safiya abokinsa Jafaru ya faɗo gidan ba sallama, wai ya zo aron mashin. Marar tarbiyyar, maimakon ya kawar da kai, sai ya zaro waya ya ɗauki bidiyo ya watsa a guruf ɗin samarin unguwa. Kafin azahar ba inda bai kai ba.

Da Musaddiq ya zo wucewa ta majalisa aka yi masa caa.

"Barka da aiki, ungozoma!"

"Hajiya Maiturare, yau me aka girka mana?"

Jafaru yana dariya har da riƙe ciki. "Sori fa, mutumina, wasa ne. Amma gaskiya ka iya riƙe muciya!"

Ya wuce su ya nufi gida. Da yamma sai ga ƙaninsa Munzali, fuska ba walwala.

"Yaya, Inna ta ga bidiyon nan. Ta ce in gaya wa wancan, ita namiji ta haifa. Ta ce yarinyar da ta mayar mata da ɗa ɗan aikin gida ba banza ta bar shi ba, akwai abin da ta ba shi ya ci. Ko ta tattara ta koma gidansu gobe, ko ya nemi wata uwar."

"Innalillahi! Munzali, wane gidan za ta koma?"

"Ni dai saƙo aka ba ni, Yaya."

Duk abin nan a kunnen Amatullah. Ta rungume 'yarta tana kuka marar sauti. Da ya shigo ta ce, "Ka sallame ni kawai. Ba zan raba ka da mahaifiyarka ba."

"Kul! Kada in ƙara jin wannan a bakinki."

Ya faɗa ne kawai, amma shi kansa bai san mafita ba. Uwa ba a saɓa mata, marainiya mai ɗinki a ciki kuma ba a tura ta titi.

Washegari yana dawowa daga masallaci ya ga mashin ɗin Munzali a ƙofar gida, Inna Kande tana sauka, ta sha lulluɓi, fuskar nan a murtuke. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta kawar da kai, ta ce wa Munzali, "Gaya masa ya wuce, da kaina na zo in fitar da ita."

Suna shiga Musaddiq ya saki salati. Amatullah ce zube a gindin murhu, bokiti a kife, ruwa ya malale, ta dafe mara tana nishi. Ashe fitarsa ke da wuya ta lallaɓo, wai ta ɗora ruwan da kanta don a daina zagin mijinta.

Inna ta riga shi isa. Ta tallafo ta, ta duba ɗinkin. Allah ya rufa asiri bai buɗe ba.

"Ke, haukar me ke damun ki? Ɗanyen jego da bokiti? Ina goggon taki da aka ce ita ke miki wanka?"

Amatullah ta fashe da kuka. "Tana asibiti, Inna, tun kafin suna. Ba ni da kowa sai shi."

Inna ta ɗago kai. Ta dubi igiyar shanya cike da zannuwan goyo, ta dubi hannun ɗanta duk tabon ƙuna. Sai ta juyo, wannan karon ba ta bi ta bakin Munzali ba.

"Musaddiq!"

Ya ɗago kai da sauri. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Ina raye a garin nan ka kasa gaya mini? Ni ina can ina zaton danginta sun cika gidan, ina jin nauyin in zo in yi musu katsalandan a kan 'yar ɗan fari!"

"Kunyarki na ji, Inna."

"Kunyar banza! Ni da kai duk mun yi wauta, saura kaɗan mu kashe 'yar mutane."

Ta cire lulluɓi ta ɗaura ɗamara. "Dubi icen da kake sa wa, ɗanye shar! Je ka samo busasshe, ka tsinko ganyen darbejiya. Kai kuma Munzali, koma ka kwaso mini kayana, nan zan zauna har arba'in."

Musaddiq ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya zauna a kan turmi. Amatullah tana hawaye tana dariya, Rauda kuwa tuni ta koma bayan kakarta.

Yana dawowa da icen a ka sai ga Jafaru a ƙofar gida, ya buɗe baki zai fara. Inna ta leƙo daga zaure.

"Kai ne mai bidiyon? To ɗauki wannan ma, ka rubuta a ƙasa cewa ɗan Kande ne, kuma ta sa masa albarka. Kai da ka bar uwarka tana jan ruwa a rijiya kana zaune a majalisa, kai ne namijin?"

Jafaru ya sulale ko waiwaye babu.

Har aka yi arba'in Musaddiq ne mai faskare da ɗora tukunya, Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta hana shi ba. Goggo ta samu sauƙi ta dawo ta tarar da 'yarta ta yi ɓul-ɓul, ta kuma yi sabuwar uwa.

To 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Tukunya ba ta rage wa namiji komai, wanda ya bar iyalinsa cikin wahala don tsoron bakin majalisa shi ne ya rage kansa. Kunya ado ce, amma idan ta kai ga rufe baki a kan lalura ta zama cuta. Wanda kuma ya yi haƙuri ya riƙe marainiya da amana, Allah ba zai bar shi ya wulaƙanta ba.