Abin Da Baba Manutai Ya Faɗa A Lasifika

Fuatino na zaune a bayan gida tana feraye gwaza, amma kunnenta na wajen mahaifinta, Pouono, wanda tun safe yake kai-komo tsakanin ginshiƙan gidan yana nanata magana ɗaya.

"Na gama magana, babu aure. Abin da mutum ya binne a cikinsa shi giya ke tonowa."

Abin da ya faru kuwa, babu wanda bai ji ba, har masuntan da ke bakin ruwa. Ranar Asabar, bayan an tashi daga wasan kurket tsakanin ƙauyensu da na maƙwabta, Manutai, mahaifin saurayinta Uelese, ya sha ya yi mankas, ya fizge lasifika daga hannun mai sanarwa. Ya ce Fuatino ɓarauniya ce, 'yar Auckland da ba ta iya gaida manya da harshen Samoa ba sai ta yi tuntuɓe, kuma muddin yana numfashi ba za ta taka gidansa ba.

Ba zagin ne ya fi ci mata rai ba. Wannan tsohon ne fa yake aiko mata da kifi mafi girma duk sanda ya dawo daga teku, yake kiranta 'yata a gaban kowa. Tun da ta dawo daga wajen gwaggonta a New Zealand ta kama koyarwa a makarantar ƙauyen, shi ya fara sakar mata fuska. To wanne ne shi, mai kifin ko mai lasifikar?

Mahaifiyarta, Litara, na gefe tana matse madarar kwakwa. Ita dama ba ta iya ganin magana ta wuce ba ta sa baki ba.

"Baban Fuatino, ranar bikin ƙanenka fa? Ba kai ne ka hau benci ka yi rantsuwa za ka yi iyo har tsibirin Savai'i ka dawo kafin a raba abinci ba? Ka rungume yayana, wanda ko gaisuwa ba kwa yi, kana kuka kana cewa ba ka da amini kamarsa. Wannan ma abin da ka binne ne?"

"Wannan daban."

"Ai naka kullum daban ne."

Pouono ya yi tsaki ya fice. Fuatino ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta.

Da yamma Uelese ya same ta a hanyar makaranta, idanunsa sun yi ja.

"Tino, sori, ban san ma me zan ce ba. Mu hau bas mu tafi birnin Apia a ɗaura mana aure a ofis, in sun huce ma dawo."

"In na bi ka, ai na zama ɓarauniyar ke nan. Ka gaya mini tsakani da Allah, haka yake faɗa a gida?"

"Ban taɓa ji ba. Tun da aka sa rana dai ya rage cin abinci, sai ya zauna yana kallon teku."

"To mu jira. Ba zan shiga gidanku ta taga ba."

Suka jira, jira mai ɗaci. A coci ana kallonsu a kaikaice, a kanti ana rage murya in ta shigo.

Ran nan gari na wayewa, Litara ta taɓa kafaɗarta ta nuna mata filin ƙofar gida. Manutai ne durƙushe a kan ciyawa, an lulluɓe shi da lallausar tabarmar da gidansu ya gada kaka da kakanni, danginsa na bayansa kawuna a sunkuye. Ifoga ya zo yi, wato neman gafara irin na al'ada. Babu mai ɗage tabarmar nan sai maigidan da aka yi wa laifi, kuma in ya ga dama sai ya bar mutum rana ta gasa shi har ta faɗi.

Pouono kuwa ya ga dama. Ya juya wa filin baya ya sha shayinsa a nutse. Rana ta ɗaga, yara suka taru, tsohon bai motsa ba.

Fuatino ta rusuna gaban mahaifinta. "Baba, ka ba ni izini in yi masa tambaya ɗaya."

"Ba a haka."

"Ni aka zaga, Baba."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kau da kai, ta gane ya yarda. Ta je ta tsuguna daf da tabarmar. Tana jin numfashinsa na fita da ƙyar.

"Baba Manutai, ni ce. Abin da ka faɗa, haka yake a ranka?"

Muryar ta fito a dishe. "Da ƙarya na zo yi, 'yata, da na ce kwalba ce ta yi magana. Da bakina ta fita, laifin nawa ne. Amma ban taɓa zama da idona biyu na gan ki ɓarauniya ba."

"To daga ina ta zo?"

"Tsoro. Sauran 'ya'yana duk jirgi ya kwashe su zuwa ƙasar waje ɗaya bayan ɗaya. Na raka uwarsu kabari. Uelese kaɗai ya rage mini, sai ga shi zai auri wadda ta san hanyar can. Tsoron gaskiya ne. Sauran kuwa, giya ce ta tarar da tsoron ta sa masa haƙora."

"Me ya hana ka tambaye ni?"

"Kunya. Dattijo kamata ya ce wa yarinya yana tsoron cin abinci shi kaɗai?"

"To tambaye ni yanzu."

Ya gyara murya a ƙarƙashin tabarmar.

"Za ki tafi mini da shi?"

Tausayi ya cika ta, duk da ciwon bai gama sakinta ba. "Gobe ta Allah ce, Baba, ba zan yi maka rantsuwa a kanta ba. Amma da ƙafata na baro Auckland. Kuma duk inda muka ɗora tukunya, ba za a sauke ba sai da kwanonka a wurin."

Tabarmar ta shiga rawa, tsohon na kuka a ƙarƙashinta. Fuatino ta juya za ta roƙi mahaifinta, sai ta gan shi tsaye a bayanta, ashe ya ji komai. Ya sa hannu biyu ya yaye tabarmar, ya kama Manutai ya miƙar da shi.

"Shigo inuwa, tsohon banza, kafin ka mace mini a ƙofar gida a ce ni ne."

An ɗaura auren bayan damina, kuma a wurin bikin ruwan kwakwa Manutai ya sha. Kalmar nan ta ɓarauniya ta daɗe tana sukar Fuatino in ta tuna, don yafiya ba ta goge abin da kunne ya ji. Amma ta riƙe darasin, har tana faɗa wa ƙannenta: giya ba ta tace gaskiya daga ƙarya, kwaɓa su take yi ta watsa wa mutane. Wanda ke son sanin zuciyar mutum ya yi haƙuri ya bari ya wartsake, sannan ya tambaye shi ido da ido.