Kifi a Teburin Gelindo

"Nereo... mene ne a cikin kwandon nan?"

Ornella ta tare shi a bakin ƙofar gonar inabinsu. Tun kafin ya ɗaga ganyen da ya rufe kwandon, ƙarni ya riga ya ba ta amsa.

"Kifi ne, zuciyata. Da hannuna na kamo shi daga tafki."

"Kifi! Yau?"

"Loris ne ya ce babanki ba abin da yake so kamarsa."

Ta runtse ido.

Loris ɗan maƙwabcinsu ne, gonarsu na jingine da tasu, ya daɗe yana neman ta tana ƙi. Ya kuwa san abin da kowa a yankinsu na Valpolicella ya sani: ranar da aka zo neman auren 'ya, uba yakan buɗe kwalbar Amarone da ya ajiye tun shekarar da aka haife ta. Jar giya ce mai nauyi, ta inabin da aka shanya a bene har ya yamushe. Naman doki giyar take so, wanda ya dahu har ya narke, da tuwon masara, da tsohon cuku mai yaji. Shi kuwa Nereo, da ya zo neman aurenta yau, masunci ne, a bakin ruwa ya tashi, farar giya mai sanyi kaɗai ya sani.

"Ɓoye shi, masoyina, don Allah ka ɓoye..."

"A'a, kawo shi mana!"

Muryar mahaifinta ce, Gelindo, yana tsaye a baranda da sandarsa.

"Baƙo ya zo da tsaraba. Soya mana, Ornella. Naman nan ki mayar da shi tukunya."

Ta soya tana hawaye, mai na fantsa mata a hannu, ba ta ma ji.

A tebur tsohon ya goge ƙurar kwalbar a hankali, ya zuba. Giyar ta fito baƙa-baƙa, ƙamshin busasshen ɓaure ya cika ɗakin.

"Ci kifinka, ɗan ruwa. Sai ka kora."

Nereo ya ci, ya kurɓa. Nan take fuskarsa ta canza. Zaƙin ya gudu, sai ɗaci da ƙarni, kamar ya tsotsi ƙusa mai tsatsa.

"Yaya ka ji?"

"Baba... wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Mahaifiyarta ce ta tsinke inabin nan, da cikin yarinyar nan a jikinta. Ba ta rayu ta ɗanɗana ba. Kwalba ɗaya ce, babu ta biyu. Kifinka ba shi da laifi, yaro. Giyata ma haka. Haɗin ne bai yi ba."

Nereo ya miƙe, ya ɗauki hularsa.

"Ka yafe mini, Baba."

"Zauna!"

Ornella ce. Ta jawo farantinsa, ta kai kifin baki, ta ɗaga kofin ta shanye tas. Ɗacin ya tsaya mata a maƙogwaro, ta haɗiye shi da ƙyar.

"Babu daɗi, Baba. Amma na haɗiye... kuma shi nake so."

Gelindo ya dube ta.

"To, ki je ki ci gaba da haɗiya a gidansa."

Ya toshe kwalbar, ya shige ciki, ya ja ƙofa.

Da bazara aka yi bikin a bakin tafki. Masunta suka yi ta waƙa, farar giya na zagayawa. Ornella ta sa an ajiye wa babanta kujera a kusa da ita, ta dafa naman doki da kanta ta ɗora a gaban kujerar, ta ce kada kowa ya zauna.

Duk motar da ta tsaya sai ta juya.

"Zai zo, rabin raina," in ji Nereo, yana riƙe da hannunta.

Ta gyaɗa kai kawai.

Har baƙi suka watse. Mai kwashe kwanuka ta zo ta tsaya, tana duban naman da maiƙonsa ya daskare fari.

"Amarya, in ɗauke?"

Ornella ta sake duban hanya.

"Ɗauke," ta ce.