Wa Ya Kira Auta?

Auta tana goge farar rigarta ta aiki sai ga mahaifiyar saurayinta ta yi sallama. Saurayin ƙaramin fasto ne, bikinsu kuma ya kusa.

"'Yata," in ji matar, ko ruwan da aka kawo mata ba ta kalla ba, "ɗana Allah ne ya kira shi. Matar fasto ba ta yini tana kwashe fitsarin tsofaffi a asibiti. Ki ajiye aikin nan ki bi kiransa."

"Mama, ai ni ma kira ne—"

"Wa ya kira ki? Albashi dai!"

Abin haushi, 'yan gidansu ma can suka karkata. Yayarta ta ce, "Ki yi ta taurin kai, wata za ta ɗauke shi kina riƙe da fon fitsari." Shi kuwa gogan cewa ya yi ta ba shi lokaci ya yi addu'a. Daga ranar wayarsa ta ɗauke, ko filashin babu.

Kaɗaici ya yi mata rubdugu. A coci ta koma bencin baya, tana kallonsa daga nesa kamar baƙuwa. A gida ta ci abinci ita kaɗai, waya a gefen kwano, hawaye na zuba. A asibiti ne kawai kira ba ya yankewa: "Nas! Nas!" Musamman wani tsoho da ke gadon bakin taga, wanda ba mai zuwa duba shi.

Wata yamma faston ya shigo yi wa marasa lafiya addu'a, ya tarar da ita a durƙushe tana wanke ƙafafun tsohon da suka kumbura, tana bin tsakanin yatsun a hankali.

"Fasto," in ji tsohon, "ka ga yarinyar nan? In na kira Allah, ita yake aiko min."

Faston ya dubi hannayenta. Sau nawa ya yi wa'azi a kan Yesu yana wanke ƙafafun almajiransa, amma shi bai taɓa riƙe ƙafar kowa ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki tawul, ya durƙusa kusa da ita.

"Ki yafe min, Auta. Na ɗauka ni kaɗai aka kira."

Mama ba ta sauko da wuri ba. Sai da ɗan nata ya yi ta zarya yana lallashi cikin ladabi kafin ta sa albarka, tana ƙunƙuni. Auta ta yi haƙuri, ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma yar da abin da aka damƙa mata ba. Allah yana kira a kan bagaden coci, yana kira a bakin gadon mara lafiya, kuma babu kiran da ya fi wani tsarki.

Yanzu wayarta ba ta hutawa. Ranar nan ma ta yi ƙara, sunan mijinta a kai, daidai lokacin da aka ce "Nas!" daga bakin taga. Ta mayar da ita aljihu ta nufi gadon. Ta san zai jira.