Baitin da Kakan Nuala Ya Ƙi Rerawa

A zaman makokin kakan Nuala ne Darach Conneely ya fara ganin ta, a wani ƙauyen masunta na yankin Connemara. Idonta a rufe, tana rera waƙar da marigayin ya fi so, wadda wani saurayi ya yi wa wata 'yar gidan su Nuala tun zamanin da. A baiti na uku ta tsaya.

"Ina sauran?" ya tambaye ta wajen shan shayi.

"Kaka ya tafi da shi. Kullum a nan tari ke kama shi."

"Zan nemo miki."

Samari ba sa jin nauyin alkawari, don ba su taɓa binne kowa ba.

Ya sha yawo kafin ya dace da wata tsohuwa a wani tsibiri wadda ta san waƙar. Da ta ji sunan gidansu, sai ta yi dariya har da hawaye.

"Conneely? Ai kakan kakanka ne ya yi ta, da aka hana shi yarinyar. Zauna, ɗan nan."

Baitin ƙarshen zagi ne tsantsa: wai gidan su Nuala ɓarayin tumaki ne, 'yarsu kuma hanci kamar ƙugiyar kifi.

Yana cikin jirgin dawowa saƙonta ya shigo: "Ɗan yawona, ka samo? Na kasa zaune na kasa tsaye."

Sai ya ƙirƙiro baiti mai daɗi, na taurari da teku, ya tura mata. Ta yi kuka, ta haddace, ta je ta rera a kabarin kakanta. Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Ko "masoyina" ta ce, sai ya ji kamar da wani take.

Da ya je neman aurenta, mahaifinta Máirtín bai ko ɗago daga ragar da yake ɗinkewa ba.

"Ba na ba maƙaryaci 'yata. Taurari! Yaushe ɗan Conneely ya taɓa ɗaga kai sama?"

"Baba, dama ka san na gaskiyar?" in ji Nuala.

"Wa bai sani ba? Ke kin zaci tarin kakanki ciwo ne?"

Ta juyo, idonta ya cicciko. "Darach, ƙaryarka na kai wa mamaci."

"Tsoron rasa ki ne ya sa ni."

"To rera shi yadda yake. Yanzu, a gabanmu."

Ya rera, bai tsallake ko hancin ba. Can Máirtín ya yi tsaki.

"Tunkiya ɗaya ce tak, kuma gurguwa."

Nuala ba ta yi dariya ba, sai da ta tasa Darach gaba har kabarin, ya nemi gafarar mutumin da bai taɓa gani da rai ba.

Bayan bikin Ista aka ɗaura aure a cocin ƙauyen. Máirtín ya riƙe hannuwansu biyu.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya. Kai kuma, Allah Ya ba ka 'ya'ya masu hancin uwarsu."