Lambar da Ba Ta Rabuwa

Da yammacin wata Alhamis, Malam Nu'uman, mai koyar da lissafi a wata sakandare a Haɗejia, ya hau babur ya nufi fadama wajen Kirikasamma don sayo wa matarsa Aziza kifi. Mutum ne mai raina kowa. Ranar ma ya wuni yana zagin ɗalibansa saboda sun kasa gane wata babbar lamba: a yi ta ninka biyu, a cire ɗaya, ta ƙi rabuwa da komai sai da ɗaya ko da kanta.

Da ya gama ciniki, Kawu Badaru masunci ya rage murya. "Malam, magariba ta kawo jiki. In ka ji tambaya daga cikin ciyawar kachalla, kada ka amsa."

Nu'uman ya taɓe baki. "Jahilci dai bai yi ba, Kawu."

A hanyar dawowa, inda ciyawar kachalla ta fi tsayin mutum, babur ya mutu. Warin laka ya taso. Kwaɗi suka yi tsit.

Sai ya ji ƙirga. Muryoyi ƙasa-ƙasa, ba adadi.

Wata mace ce tsaye a ruwa zuwa ƙugu, amma ruwan bai motsa ba.

"Kai ne mai lissafin?" ta raɗa. "Muna son mu rabu gida-gida, daidai wa daida. Mun kasa."

Ya yi dariyar raini. "Ko 'yan aji ɗaya sun iya. Ku nawa ne?"

"Mu biyu aka fara. Muka ninka, muka ninka, tun kafin kakanninka su san wuta. Sai ɗaya ya ɓata. Mun gwada gida biyu, uku, bakwai, dubu. Kullum da saura."

Ya gane lambar. Girman kai ya riga hankalinsa magana. "To ai ɗaya za a ƙara, ta rabu."

Ta dube shi kamar yadda ake duban ruɓaɓɓen kifi.

"Mun sani, ɗan laka. So muke ka faɗa da bakinka."

Ƙirgar ta tsaya.

Kachalla ta dare gida biyu.

Wani abu mai sanyi ya damƙi idon sawunsa na hagu.

Ya faɗi. Laka ta cika masa baki. Ya kama Ayatul Kursiyyu yana haɗiye rabi, ya fizge, takalmi ya tafi da fatar dunduniya. Ya bar babur da kifi, bai tsaya ba sai kan kwalta.

Raunin ya warke. Amma ƙafar ba ta sake bushewa ba. Ko cikin zafin bazara, ruwa na tsatsafowa daga gwiwa zuwa yatsu, da warin fadama.

In Aziza ta yi magana, sai ya harare ta ya ce gumi ne. Ita kuwa ta daina tanka masa, tun ranar da ta ga jiƙewar ta kai cinya.