Shanun da Ke Kallon Katanga

Auta na wanke-wanke a tsakar gida ta ji shirun nan ya sake sauka. Ta leƙa garke. Shanun Baba duk sun juya wa dusa baya, sun zuba wa katanga ido, ko jela ba mai kaɗawa.

Bayan katangar nan makiyayarsu take a da, yanzu gidaje ne. Tun da aka ɗaure su a turke suka daina kuka, ci ma sai ɗan lasa, haƙarƙari duk a waje.

"Kin gani ko?" in ji Baba. "Ciyawar da ke ƙarƙashin siminti ce ke kiransu. Kuma hannun da ya jera bulon nan ne zai ɗauki 'yata? Sai bayan raina!"

"Haba Baba, aiki fa aka sa shi, ba shi ya sayar da filin—"

"Rufe min baki!"

Da yamma ta tare saurayin nata, Magini, a ƙofa, ido jawur. "Sori fa, ka daina zuwa, wulaƙancin ya isa."

"Ni da kullum injiniya ke zagina kan bulo ɗaya? Faɗan Baba ai shayi ne."

Bai daina ba. Kullum sai ya sauke damin harawa, kullum sai Baba ya kore shi. Ran nan ya daɗe yana kallon garken, ya ce, "Auta, shanun nan sun taɓa ci ba su yi tafiya ba?"

Baba na ɗaki, suka kwance igiyoyi. Magini ya ja, ya lallasa, ko gezau. Auta kuwa ba muryar da ba ta iya kwaikwaya. Ta cika ƙirji ta saki irin kiran da marigayi Kaka, mahaifin Baba, yake yi wa shanu, har da shaƙewarsa da ɗan tarinsa.

Kawunan shanun suka juyo lokaci guda! Tsikar jikinta ta tashi. Suka bi ta tiɓi-tiɓi, suka zagaya gidan, suka sake zagayawa, sannan suka kafa baki a harawa.

Baba ya fito ba takalmi, yana waige-waige.

"Wa... wa ya yi kiran nan?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana sauraren tauna. Sannan ya share ido da hannun riga.

"Kai, mai bulo! Gobe ka zo da wuri, ka zagaya da su. Jibi ka turo manyanka."

Haka duniya take: in fili ya ƙuntata, zuciya ake faɗaɗawa. Wanda kuma ya jure kora, wata rana shi ake buɗe wa ƙofa.