Bayan Jan Layi

Injiniyar da kanta ta koya wa kwamfutar masana'antar gane ɗan Adam. Ko yatsan mutum ne ya tsallake jan layi, injin yankan ƙarfe zai tsaya cak.

Bayan magariba, tana ita kaɗai, sai ta ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga wani tsoho can cikin layin yana shara, amma ba a jin ƙarar tsintsiyarsa.

"Baba, fito daga nan!"

"Sannu da aiki, 'yata." Daga bayan wuyanta muryar ta fito.

Ta dubi allon kwamfuta, babu kowa. Injin kuwa na ta yanka abinsa.

"Kin koya mata gane kowa," in ji tsohon. "Mu fa, sai yaushe?"